Gidajen Alfarma Masu Tsimin Wuta a Gaɓar Costa del Sol: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya buɗe tallar gidaje ta kudancin Sifaniya a 'yan shekarun nan zai ga yaren dillalai ya sauya. A da, abin da ake tallatawa shi ne kallon teku da marmara da girman wurin ninƙaya. Yanzu ba a gama jimla ba tare da an ambaci farantan sola da harafin A na shaidar tsimin wuta da kyautata muhalli ba. Wani ɓangare na maganar gaskiya ne, wani kuma fenti ne kawai. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mai son ya bambance biyun zai yi.

Wane yanki ake magana a kai, kuma su wa ke sayen gidajen?

Costa del Sol ita ce gaɓar lardin Malaga a yankin Andalus, a bakin Bahar Rum, mai tsawon fiye da kilomita 150 daga wajen Nerja a gabas zuwa Manilva a yamma. Manyan gidajen da ake kira bila, wato gida mai zaman kansa da lambu da wurin ninƙaya, sun fi yawa a ƙananan hukumomi uku: Marbella da Estepona da Benahavís.

Marbella ƙaramin garin masunta ne da manoma kafin Yarima Alfonso na Hohenlohe ya buɗe otal ɗin Marbella Club a 1954. Tashar jiragen ruwan shaƙatawa ta Puerto Banús ta biyo baya a 1970. Daga nan attajiran Larabawa suka shigo: Sarki Fahd na Saudiyya ya gina fada a garin, an kuma buɗe masallacin Sarki Abdul'aziz a farkon shekarun 1980. A yau baƙi ne ke sayen kusan kashi ɗaya cikin uku na gidajen da ake cinikinsu a lardin, kuma Turawan Ingila ne suka daɗe a sahun gaba, sai mutanen Suwidin da Holan da Beljiyam da Jamus. Wannan yana da muhimmanci ga batunmu, domin mutumin arewacin Turai ya saba da gida mai riƙe ɗumi, kuma shi ne ya fara tambayar dillali nawa kuɗin wuta ke kamawa.

Me ya sa gida ya cancanci a kira shi mai tsimin makamashi?

Abu biyu ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Na farko shi ne jikin ginin: inda ya fuskanta, kaurin abin tare zafi da aka sa a bango da rufi, irin tagogi, inuwar da ke kansu, da yadda aka toshe kafofin da iska ke kurɗawa. Wannan shi ke rage buƙatar wuta tun daga tushe. Na biyu shi ne na'urori: farantan sola, batir, injin ɗumama da sanyaya gida mai aiki da iskar waje wanda a can suke kira aerotermia, da na'urar shigo da sabuwar iska ba tare da an yi asarar sanyin ciki ba.

Tallace-tallace sun fi son na biyun saboda ana iya ɗaukar hotonsa. Amma na'ura tana tsufa a canza ta bayan shekara goma sha biyar ko ashirin, bango kuwa yana nan muddin gidan na tsaye. Gidan da aka gina da kuskure aka lulluɓe rufinsa da sola bai daina zubar da wuta ba, an dai samo masa wadda zai zubar ne.

Me ya kawo wannan yayi a yanzu? Magina ne suka farka?

Mafi yawa doka ce ta tashe su. Dokar gine-gine ta Sifaniya ta 2006 ta tilasta wa sababbin gidaje su samar da wani kaso na ruwan zafinsu daga rana. A watan Disamba na 2019 aka tsaurara ta don ta dace da sharaɗin Tarayyar Turai cewa sabon gini ya zama mai cin makamashi kaɗan ƙwarai, kuma ta fara aiki a 2020. Ma'ana, da yawa daga abubuwan da kamfanoni ke jerawa a talla kamar alheri suka yi wa mai saye, ba su da zaɓi a kansu. Ba za a ba su lasisin gini ba in babu su.

Sai batun sola. A 2015 gwamnatin lokacin ta ɗora wani haraji kan masu samar wa kansu wuta, wanda jama'a suka yi wa laƙabi da harajin rana. An soke shi a watan Oktoba na 2018, a 2019 kuma aka fitar da tsarin da ya ba mai gida damar tura rarar wutarsa cikin layin ƙasa a rage masa kuɗin bil. Ƙasar da rana ta yi wa yawa sai a lokacin ta fara hawa rufi da gaske.

Na uku shi ne 2022. Bayan Rasha ta mamaye Yukiren farashin iskar gas ya tashi, kuma a ranar 8 ga Maris na shekarar farashin wuta a kasuwar sari ta Sifaniya ya haura Yuro 500 kan kowace megawat-awa, abin da ba a taɓa gani ba. Attajiri ma da ke da injin ɗumama wurin ninƙaya ya ji a jikinsa.

Na ga ana rubuta "harafin A". Shi ke nan an gama magana?

Tun watan Yuni na 2013 ba a sayar da gida ko ba da shi haya a Sifaniya sai da takardar shaidar cin makamashi, mai jeri daga A zuwa G. Tana aiki shekara 10, sai dai idan gidan ya faɗa G, to shekara 5 ce. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na tsofaffin gidajen da aka auna a ƙasar suna E ne ko ƙasa da haka, don haka A ba ƙaramin abu ba ne.

Amma takardar tana da iyaka, kuma a irin waɗannan gidaje iyakar babba ce. Da farko, lissafi ne na kwamfuta bisa zanen gini da kayan da aka ce an sa, ba karatun mita ba ne. Na biyu, a gidan zama abin da take ƙirgawa shi ne ɗumamawa da sanyayawa da ruwan zafi. Famfon wurin ninƙaya ba ya ciki. Fitilun lambu, ɗakin sanyaya giya, ɗakin gumi, lif, cajin mota, duk ba sa ciki. Na uku, wanda ya fi kowanne: awon na kowane murabba'in mita ne.

Mu ɗauki misali na lissafi kawai. Bila mai murabba'in mita 600 da ke cin kilowat-awa 30 (ma'aunin da mitar wuta ke ƙirgawa) kan kowane murabba'i a shekara, jimillarta 18,000 ne. Tsohon ɗaki a bene mai murabba'i 90 da ke cin 120, wato ninki huɗu, jimillarsa 10,800 ne. Na farkon yana da harafi mai kyau, na biyun yana da mara kyau, amma wa ya fi cin wuta? Kuma sau da yawa iyali na mutum biyar ne a ɗakin benen duk shekara, bilar kuwa mata da miji ne ke leƙo ta lokacin hutu.

Mene ne Passivhaus, kuma ba tsarin ƙasashen sanyi ba ne?

Asalinsa na Jamus ne. An gina gidan farko a kan tsarin a birnin Darmstadt a 1991, bisa aikin masanin kimiyya Wolfgang Feist. Sharuɗɗansa a lambobi suke: ɗumama gida kada ya wuce kilowat-awa 15 kan kowane murabba'in mita a shekara, sanyayawa ma kusan haka tare da ɗan ƙarin rangwame don cire laima. Sannan akwai gwajin da ba a iya yi wa wayo: ana ɗaura babbar fanka a ƙofa, a matsa wa iskar gidan, a auna yadda take zurarewa. Kada ta wuce kashi 60 cikin ɗari na iskar gidan a cikin sa'a guda.

A ganina wannan gwajin shi ya sa shaidar Passivhaus ta fi sauran nauyi. Akwai BREEAM ta Ingila da LEED ta Amurka da VERDE ta Sifaniya, dukkansu na tara maki daga fannoni da yawa, kuma suna da amfaninsu. Amma nan ana zuwa ne a gwada ginin da aka gama, ba wanda ke kan takarda ba. Gani ya kori ji.

Tsarin yana aiki a Malaga, sai dai tunanin ya juya. A Jamus ana farautar rana, a nan ana guje mata rabin shekara. Gida mai riƙe iska sosai wanda aka bar rana ta shiga ta tagoginsa zai riƙe zafin ne daram, ya ƙi saki. Saboda haka inuwar waje ita ce gaba da komai. A kula kuma da wata dabara ta talla: "an gina bisa ƙa'idojin Passivhaus" daban yake da "yana da shaidar Passivhaus". Na farkon kowa na iya faɗa.

To waɗannan manyan bangayen gilashi da ake gani a hotuna fa?

Nan gizo ke saƙar. Salon da ya mamaye tsaunukan Benahavís shi ne farin akwati mai gilashi daga ƙasa har sama, yana kallon kudu saboda can teku take. Kudu ba ita ce matsalar ba: a bazara rana tana can sama, rumfa mai faɗi ta isa ta tare ta, a hunturu kuma ta yi ƙasa ta shigo ta ɗumama ɗaki. Matsalar ita ce yamma, inda ake kallon Jibraltar da tsaunukan Maroko. Ranar la'asar tana zuwa ne a kwance, babu rumfar da ke tare ta sai labule na waje ko itace. Labulen ciki ya makara, zafin ya riga ya shigo.

Kuma ko gilashi mai hawa uku ne, bai kai bango mai kyau tare zafi ba.

Abin dariyar shi ne mutanen yankin sun san amsar tun kafin a haifi injiniyoyin. Ƙauyukan Casares da Mijas da Frigiliana farare ne tas da farar ƙasa, bangayensu masu kauri, tagoginsu ƙanana, lungunansu matsattsu masu inuwa, ga tsakar gida mai ruwa da shuke-shuke da aka gada tun zamanin Musulmin Andalus. Wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa a cikin birnin Kano ko Damagaram a watan Afrilu ya san abin da bango mai kauri ke yi: yana shanye zafin rana, sai dare ya raba ya sake shi. Maginan da suka fi burge ni a gaɓar su ne masu komawa ga wannan, su rage gilashi, su bar tagogi biyu suna kallon juna don iskar gabas da ta yamma su ratsa. Sai dai gidan da ke da ƙaramar taga ba ya kyau a hoton talla, kuma hoto ke sayar da gida ga mai saye da ke zaune a Landan.

Ashe ana buƙatar ɗumama gida a wurin da ake cewa rana na fitowa kwana 300 a shekara?

Ƙwarai. Hunturun ba mai tsanani ba ne, amma akwai laima, kuma gidajen da aka gina a shekarun 1970 da 1980 an yi su ne don hutun bazara. A watan Janairu cikinsu ya fi waje sanyi, bango yana yin fumfuna. Baƙi da yawa sun fi kuka da wannan fiye da zafi. Injin aerotermia yana ba da zafi ninki uku zuwa huɗu na wutar da ya ci, shi ya sa ya kori tukunyar gas da ta gas-oyil daga sababbin gine-gine.

Idan na sa sola, na rabu da kamfanin wuta ke nan?

A'a, sai in ka shirya wa hakan musamman.

Ranar tana da albarka: kowane kilowat ɗaya na faranti a wannan yanki yana ba da kimanin kilowat-awa 1,600 ko fiye a shekara, nesa da abin da ake samu a Jamus. Amma rarar da ka tura wa layi ana rage ta ne daga bil ɗin watan, kuma a tsarin da aka sauƙaƙa ba a biyanka tsabar kuɗi idan ta zarce abin da ka sha. Farashin da ake saye a hannunka ma ƙasa yake da wanda ake sayar maka. Ga wanda ke zuwa gidan wata biyu a shekara, rufinsa yana yi wa kamfani aiki ne sauran watannin, sai dai in ya shiga tsarin da wasu kamfanoni ke yi na ajiye masa darajar rarar zuwa wani watan.

Ranar 28 ga Afrilu 2025 ta koya wa mutane wani darasin. Da tsakar rana wuta ta ɗauke a kusan duk Sifaniya da Fotugal, ta yi sa'o'i. Rana na ƙwallewa, amma yawancin masu sola sun zauna babu wuta kamar kowa, saboda inbatar da ke haɗe da layin ƙasa an tsara ta ne ta kashe kanta idan layi ya mutu, don kada ta kama ma'aikatan da ke gyara. Waɗanda suka tsira su ne masu batir da kuma na'urar da ke raba gidan da layi. Batir kaɗai ma bai isa ba in babu ita. Wannan tambaya ce da ya kamata a yi wa dillali kai tsaye: in wuta ta ɗauke, me zai ci gaba da aiki a gidan nan?

Kun yi ta maganar wuta. Ruwa fa?

Da a ce ni ke rubuta tallar, da ruwa zan sa a layin farko, domin shi ne abin da yankin ba shi da shi. Wuta ana iya ƙirƙirarta a kan rufi. Ruwa kuwa sai sama ta bayar, ko a tace na teku da tsada.

Yammacin gaɓar ya dogara ne da madatsar La Concepción da ke kusa da Istán, tare da masana'antar tace ruwan teku ta Marbella da rijiyoyi. Gabashi kuma, yankin Axarquía mai gonakin afokado da mangwaro, ya dogara da La Viñuela, madatsa mafi girma a lardin. Fari na shekaru ya kai La Viñuela ƙasa da kashi 10 cikin ɗari a 2023. A farkon 2024 hukumomin Andalus suka ƙayyade lita 160 ga kowane mutum a rana a wuraren da abin ya fi ƙamari, aka hana cika wuraren ninƙaya na gidaje da ban ruwan lambu da ruwan famfo, aka rage ƙarfin ruwa da dare a wasu garuruwa, har aka fara shirin kawo ruwa da jiragen dakon kaya. Ruwan saman da ya sauka a ƙarshen Maris na shekarar ne ya sa aka fasa. Daga baya madatsun sun sake cika, kuma kamar kullum maganar ta yi sanyi. Amma fari a Andalus baƙo ne da ya san hanya.

Ga lissafi mai sauƙi. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Idan wurin ninƙaya mai murabba'i 50 ya yi asarar milimita 5 a ranar zafi, lita 250 ke nan suka tafi sama ba wanda ya ko tsoma ƙafa, fiye da rabon mutum guda a lokacin farin. Irin wanda ruwansa ke malala ta baki kamar ya haɗe da teku, wanda shi ne abin yayi, ya fi asara saboda ruwan yana motsi yana shan iska. Koriyar ciyawa mai faɗi kuma ta fi wurin ninƙayan shan ruwa.

Saboda haka idan aka ce gida mai kyautata muhalli ne, a duba: akwai murfin wurin ninƙaya? Akwai tankin tara ruwan sama a ƙarƙashin ƙasa, lita nawa yake ci? Ruwan wanka da na wanki ana tace shi a mai da shi lambu? Me aka shuka, zaitun da kharrub da tsirran da suka saba da fari, ko ciyawar Ingila? Yawancin filayen golf na yankin, waɗanda suka kai gommai, sun koma ban ruwa da ruwan da aka tace daga magudanai, kuma kamfanin ruwa na ƙananan hukumomin yamma, Acosol, yana da bututun irin wannan ruwa. Unguwar da ta samu haɗi da shi ta fi wadda ba ta samu ba daraja, ko da babu wanda ya rubuta haka a talla. Takardar A zuwa G ba ta cewa uffan kan ruwa.

Iskar teku ba ta lalata waɗannan kaya?

Tana yi. Gishiri yana cin ƙarfe: injin da ke waje, ƙarafan da ke riƙe farantai, kusoshi, makullan tagogi. Gidan da ke kusa da ruwa yana buƙatar kayan da aka yi wa rufi na musamman, a kuma riƙa wanke su. Ga ƙurar Sahara da ke tsallako teku, wadda a watan Maris na 2022 ta mai da fararen gidajen Malaga ruwan ƙasa, ta lulluɓe farantai. Na'urar shigo da iska ma tana da matatai da ake canzawa. Gidan da ke rufe wata tara ba mai kula, duk ƙwarewarsa a banza.

Waɗanda ke can kan tsauni kuma barazanarsu gobarar daji ce. Ta Sierra Bermeja, a bayan Estepona, a watan Satumba na 2021 ta cinye kusan hekta 10,000, ta kashe ma'aikacin kashe gobara guda. "Gida a tsakiyar daji" yana da daɗin ji, amma a tambayi hanyar fita nawa unguwar ke da ita.

Kuɗin da aka ƙara yana dawowa?

Ga sola, galibi e, cikin 'yan shekaru, idan ana zaune a gidan ana shan wutar da rana. Doka ma ta ba ƙananan hukumomi damar rage harajin gida na shekara har kashi 50 cikin ɗari ga wanda ya sa sola, amma kowace da nata tsarin, wasu ba sa yi.

Ga bilar miliyoyin Yuro kuwa, a faɗi gaskiya, ba rarar kuɗin wuta ke jan mai saye ba. Abin da yake saye shi ne jin daɗi, wato ɗaki mara laima, mara ƙara, mai yanayi ɗaya, da kuma kwanciyar hankali cewa ranar da zai sayar ba za a ce gidan ya tsufa ba. Farashin da kansa fili ne ke yanke shi da abin da ido ke hangowa daga baranda.

A tuna da haraji a lissafi. Sabon gida yana da harajin kaya na kashi 10 cikin ɗari da na hatimi kashi 1.2 a Andalus. Wanda aka taɓa zama a ciki yana da harajin canjin mallaka na kashi 7. Ban da kuɗin lauya da na rajista.

Na ji an ce daga 2030 za a hana sayar da gida mai mummunan harafi. Gaskiya ne?

Ba haka dokar ta ce ba, ko da yake wasu dillalai na son a yi zaton haka. Umarnin Tarayyar Turai na 2024 ya ce daga 2030 duk sabon gini ya zama mara fitar da hayaƙi, na gwamnati kuma daga 2028. Game da tsofaffin gidaje, ya ɗora wa kowace ƙasa ta rage matsakaicin cin makamashinsu da kashi 16 cikin ɗari zuwa 2030, da kashi 20 zuwa 22 zuwa 2035. Bai haramta wa wani mutum sayar da gidansa ba. Jita-jitar ta samo asali ne daga daftarin farko da ya fi tsauri, da kuma Faransa, wadda ta hana ba da hayar gidaje masu harafin G tun Janairun 2025.

Wanne ya fi wa muhalli: sabon gida mai harafin A ko gyara tsoho?

Kusan kullum gyara tsoho. Siminti kaɗai yana da alhakin kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na hayaƙin kabon na duniya, kuma bilar da aka sassaƙa a gefen tsauni tana cin kankare mai yawa a bangayen tare ƙasa da ginshiƙai da garejin ƙarƙashin ƙasa kafin a kunna fitila ko ɗaya. Abin da ake yawan yi a tsofaffin unguwanni irin Nueva Andalucía ta Marbella shi ne a sayi gidan 1980, a rushe shi, a gina wanda ya ninka shi girma, a kira shi na kyautata muhalli. Da an sa masa abin tare zafi ta waje, an canza tagogi, an sa inuwa, da ya yi tsalle a jerin haruffa da ɗan kaso na wannan hayaƙin.

Mutanen gari me suke cewa?

Damuwarsu ba harafin A ba ce, wurin kwana ne. A ranar 29 ga Yuni 2024 dubban mutane sun fito titunan Malaga suna zanga-zanga kan tsadar haya da yadda gidajen masu yawon buɗe ido suka kore su daga unguwanninsu. Mai aikin lambun bilar da mai share ta sau da yawa daga wani gari suke tuƙo mota kullum, kuma jirgin ƙasan gaɓar ya tsaya ne a Fuengirola, bai kai Marbella ba. Hayaƙin wannan zirga-zirgar, da na jirgin saman da ke kawo mai gidan, ba ya cikin takardar kowane gida.

Idan ɗan Najeriya ko Nijar ya saya, yana samun izinin zama?

A'a. Tsarin da aka kafa a 2013 na ba da izinin zama ga wanda ya sa Yuro 500,000 a gida ya ƙare a ranar 3 ga Afrilu 2025. Baƙo na iya saye, bayan ya karɓi lambar shaidar baƙi ta NIE ya kuma nuna wa banki asalin kuɗinsa, amma mallakar gida ba biza ba ce. Zai nemi bizar Shengen kamar kowa, kwana 90 cikin kowane 180. Akwai kuma harajin shekara da wanda ba mazaunin ƙasar ba ke biya ko da gidan a rufe yake, kuma kason na waɗanda ke wajen Tarayyar Turai ya fi yawa: 24 cikin ɗari na kuɗin shigar da ake ƙiyasta wa gidan maimakon 19. A watan Janairu na 2025 Firayim Minista Pedro Sánchez ya kawo shawarar ɗora wa irin waɗannan masu saye haraji har kashi 100 cikin ɗari na darajar gida. Shawara ce ya gabatar, don haka lauya ya duba matsayinta a ranar ciniki.

Waɗanne takardu zan nema kafin in ba da ko sisi?

Kafin na makamashi, a fara da na halascin ginin, saboda Marbella tana da tarihi. A zamanin Jesús Gil, magajin garin daga 1991 zuwa 2002 kuma shugaban ƙungiyar Atlético Madrid, da waɗanda suka gaje shi, an ba da lasisin gina dubban gidaje saɓanin tsarin gari. Binciken cin hanci da aka yi wa laƙabi da Malaya ya kai ga gwamnatin ƙasa ta rushe majalisar garin a 2006. Tsarin gari na 2010 da ya nemi halasta da yawa daga gidajen, Kotun Ƙoli ta soke shi a 2015. Akwai kuma dokar gaɓar teku ta 1988, wadda ta mai da bakin ruwa mallakar jama'a, ta hana sabon gidan zama a cikin mita 100 daga gaɓa, ko mita 20 a wuraren da suka riga suka zama gari kafin dokar.

Don haka ka ɗauki lauyanka na kanka, ba wanda dillali ya nuna maka ba. Ya ciro bayanin gidan daga ofishin rajistar filaye, wanda suke kira nota simple, don a ga mai shi da bashin da ke kansa. Ya ga lasisin gini da lasisin fara zama. Idan ba a gama gina gidan ba tukuna, kowane kuɗin da ka biya ya zama yana da garantin banki ko na inshora, kamar yadda doka ta tanada. Sabon gini yana da garantin shekara 10 kan ginshiƙai, shekara 3 kan abin da ya shafi zama kamar laima da tare zafi, shekara 1 kan ƙananan gyare-gyare.

Daga nan sai na makamashi: cikakkiyar takardar shaidar da aka yi wa rajista a hukumar Andalus, ta gidan da aka gama ba ta zane ba, da sakamakon gwajin fanka in an yi, da shaidar cewa an yi wa solar rajista. Idan an taɓa zama a gidan, ka nemi bil ɗin wuta da na ruwa na watanni goma sha biyu, ka kuma tambayi watanni nawa aka kwana a ciki a wannan shekarar.